Yaya Okwui Enwezor ya kai ga shugabancin gidan fasaha a Jamus, kuma me ya sa ya sauka?

Hauwa'u, daga Zariya

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce mai karatun zane, kuma a darasinmu na tarihin fasahar Afirka ta zamani sunan marigayi Okwui Enwezor yana yawan fitowa, har ya fi na wasu masu zanen, alhali shi ba da zana hoto ko sassaƙa ya yi suna ba. Abin da na sani shi ne ɗan Najeriya ne, ya tsara manyan baje kolin fasaha a ƙasashe da dama, kuma ya shugabanci wani babban gidan fasaha a birnin Munich na ƙasar Jamus kafin rasuwarsa a 2019.

Abubuwa biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, na ji cewa kimiyyar siyasa ya karanta a jami'a, ba tarihin fasaha ba, to ta wace hanya ya bi har aka damƙa masa irin waɗannan ayyuka a ƙasashen da ba su cika sakar wa baƙo ragama ba? Na biyu, maganar saukarsa daga muƙaminsa a 2018, domin wasu suna cewa rashin lafiya ce, wasu kuma suna cewa matsalar kuɗi ce. Ina so in fahimci ko mai tsara baje koli da daraktan gidan fasaha aiki ɗaya suke yi, saboda ina da niyyar bin wannan hanya idan na kammala, kuma a gida ana tambayata mene ne ainihin aikin. Allah Ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Malam Bashir, daga Kano

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Zan amsa tambayarki ta farko, domin a nan ne na fi yin karatu.

An haifi Enwezor a Kalaba ranar 23 ga Oktoban 1963, iyayensa Ibo ne 'yan asalin Awkuzu a jihar Anambra ta yanzu, kuma yaƙin Biyafara ya riske shi yana ƙaramin yaro, abin da ya sa iyalinsu suka yi ta ƙaura kafin su zauna a Inugu. A 1982 ya tafi Amurka, ya karanta kimiyyar siyasa a wata kwaleji da ke Jersey City, daf da New York. Rubutattun waƙoƙi ya fara yi, kuma ta hanyar cuɗanya da marubuta da masu zane ne ya shiga yin sharhi a kan ayyukan fasaha.

Sai kin san halin da ya tarar kafin ki gane abin da ya yi. A wancan lokaci, idan aka ce fasahar Afirka a manyan gidajen Turai da Amurka, abin da ake nufi shi ne tsofaffin sassaƙe-sassaƙe da fuskokin dodanni, waɗanda galibi ba a ma rubuta sunan wanda ya yi su. A 1984 babban gidan fasahar zamani na New York ya jera irin waɗannan kaya kusa da ayyukan su Picasso, don a nuna inda Turawa suka samo wasu dabarunsu, ba don a girmama masu sassaƙar ba. Ɗan Afirka mai rai, wanda ya yi karatu, yake zane a kan 'yancin kai ko rayuwar birni, ba shi da gurbi a wannan labari. Enwezor bai tsaya jiran a ba shi fili ba. A 1994 ya kafa mujallar Nka daga gidansa a Brooklyn, kuma cikin waɗanda suka riƙe ta tare da shi akwai Salah Hassan ɗan Sudan da Chika Okeke-Agulu da Olu Oguibe. A ganina wannan mujalla ita ce takardar shaidarsa ta gaskiya, domin a cikinta ne ya nuna cewa ya san masu aikin, ya san tarihinsu, kuma yana iya kafa hujja a rubuce.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1996 yana cikin waɗanda suka tsara baje kolin In/sight a gidan Guggenheim na New York, inda aka nuna ayyukan masu ɗaukar hoto na Afirka tun daga 1940, ciki har da Seydou Keïta na Bamako, mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan jama'ar gari cikin adonsu a ɗakin ɗaukar hotonsa. A 1997 ya jagoranci baje kolin Johannesburg na biyu, shekara uku bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Matsalar kuɗi ta dabaibaye wannan taro, ba a kuma sake yin na uku ba, amma duk da haka a 1998 aka zaɓe shi ya jagoranci Documenta, babban baje kolin fasaha da aka fara a garin Kassel na Jamus a 1955, wanda ake yi duk bayan shekara biyar. Shi ne mutum na farko da ba Bature ba da aka ba wannan aiki, yana da shekara 35 a duniya.

A nan ne karatunsa na siyasa ya bayyana ƙarara. Maimakon ya tara hotuna a Kassel kawai, sai ya raba aikin gida biyar. Huɗun farko tarukan muhawara ne: a Vienna an tattauna dimokuraɗiyya, a New Delhi an tattauna gaskiya da sulhu bayan rikici, a tsibirin Saint Lucia an tattauna cakuɗuwar al'adu, a Legas kuma an tattauna halin da birane huɗu suke ciki, wato Freetown da Johannesburg da Kinshasa da Legas ɗin kanta. Baje kolin Kassel na 2002 shi ne na biyar. Masu suka sun ce fina-finan bidiyo da kayan karatu sun yi yawa, har mai kallo yana gajiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a sukar. Amma manufarsa a fili take: bai yarda cewa Turai ce cibiyar da kowa zai zo ya gabatar da kansa ba.

Wanda ya fi burge ni cikin ayyukansa shi ne The Short Century, wanda aka buɗe a Munich a 2001 kafin ya zagaya Berlin da Chicago da New York. Ya ɗauki shekarun 1945 zuwa 1994, daga tashin gwagwarmayar neman 'yanci zuwa zaɓen Afirka ta Kudu, ya haɗa zane da hotuna da fim da kiɗa da adabi da zanen gine-gine da fastocin siyasa a wuri guda. Ke da kike Zariya wannan ya shafe ki kai tsaye, domin a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna neman a haɗa dabarun da Turawa suke koyarwa da na gargajiya. Irin aikin da Enwezor da abokansa suka yi ne ya sa duniya ta daina kallon irin waɗannan mutane a matsayin masu kwaikwayo, ta fara ganinsu a matsayin masu amsa tambayar zamaninsu.

Don haka amsar da zan ba ki ita ce, bincike da rubutu ne suka buɗe masa ƙofa. Mai tsara baje koli shi ne yake yanke hukuncin wane aiki zai shiga, wane zai tsaya kusa da wane, kuma wane labari mai kallo zai fita da shi, kuma duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda bai yi karatu mai zurfi ba.

Hajiya Asabe, daga Jamus

Malam Bashir ya yi bayani mai gamsarwa. Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, ɗiyata Hauwa'u, domin na daɗe a ƙasar nan kuma na bi labarin a lokacin da yake faruwa.

Gidan da Enwezor ya shugabanta daga 2011 zuwa 2018 sunansa Haus der Kunst, kuma ba gini ba ne kamar kowane gini. Gwamnatin Hitler ce ta gina shi, aka buɗe shi a 1937 don nuna irin fasahar da 'yan Nazi suke ɗauka tsarkakakkiya ce ta Jamusawa, kuma washegarin buɗe shi aka buɗe wani baje koli kusa da wurin don a wulaƙanta masu zanen zamani da gwamnatin ta tsana. Ki duba nauyin da ke cikin a ce baƙar fata ɗan Afirka ne yake riƙe da makullan wannan gida. Bai ɓoye tarihin ba. A zamaninsa an ƙara buɗe ma'ajiyar takardun gidan ga jama'a, aka ware ɗaki na musamman don nuna abin da ginin ya kasance.

Ga bambancin da kike nema. Mai tsara baje koli hankalinsa yana kan ayyukan da ma'anarsu. Darakta kuwa, ban da wannan, shi ne yake ɗauke da albashin ma'aikata da gyaran gini da neman masu tallafi da zama da jami'an gwamnati, kuma shi za a tuhuma idan lissafi bai cika ba. Haus der Kunst yana da wata matsala ta daban: ba shi da tarin ayyukan fasaha na kansa da zai riƙa fitarwa yana nunawa. Kamar magidanci ne da ba shi da rumbu, kullum sai ya je awo. Kowane hoto aro ne daga wani gidan ko wani attajiri, kuma aro yana nufin kuɗin inshora da akwatuna na musamman da jirgi da ma'aikacin da zai rako aikin ya tabbatar ba a taɓa shi ba, ga kuma ɗakunan da dole zafi da danshinsu su tsaya a ma'auni ɗaya dare da rana.

A cikin wannan yanayi ne ya shirya baje kolin Postwar, wanda aka buɗe a 2016, tare da abokan aikinsa Katy Siegel da Ulrich Wilmes. An tara ayyuka kusan 350 na masu fasaha 218 daga ƙasashe 65, duka na tsakanin 1945 da 1965. Labarin da aka saba bayarwa shi ne bayan yaƙin duniya na biyu fasaha ta tashi daga Paris ta koma New York, shi ke nan. Shi kuwa ya sa ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan da Uche Okeke da Ben Enwonwu na Najeriya, da na Japan da Indiya da Brazil, a ƙarƙashin rufi ɗaya da na Amurkawa da Turawa, a matsayin tsararraki. Na je na gani da idona, kuma har yau ban ga baje kolin da ya sauya mini fahimtar tarihi kamarsa ba. Sai dai ya ci kuɗi fiye da abin da aka tsara, ga shi kuma gidan ya riga ya rasa wani babban mai tallafa masa. Aka ƙara da rigingimun ma'aikata da jaridu suka yi ta yayatawa. Daga ƙarshe hukumomin jihar Bavaria, waɗanda su ne manyan masu ba gidan kuɗi, suka sa aka naɗa shugaban harkokin kuɗi wanda ikonsa ya yi daidai da na darakta.

To, duka maganganun biyu da kika ji gaskiya ne. Ya daɗe yana fama da sankarar ɓargo, kuma dalilin da aka bayar ke nan lokacin da ya sauka a watan Yunin 2018. Amma a wata hira da mujallar Der Spiegel bayan saukarsa ya nuna ɓacin ransa ƙwarai kan yadda aka ɗora masa alhakin matsalolin gidan. Ra'ayina shi ne, darakta ba zai wanke hannunsa daga maganar kasafin kuɗi ba, wannan yana cikin aikinsa. Amma ƙarancin kuɗin gidan ya girmi zuwansa, kuma ban ga adalci ba a bar mutum ya kawo wa birni suna a duniya sannan a juya masa baya da ya kwanta ciwo. Bayan tafiyarsa aka soke baje kolin da aka riga aka shirya wa Joan Jonas da Adrian Piper, mata biyu masu girma a wannan fage, kuma masu fasaha da yawa sun fito sun yi tir da hakan.

Bai daina aiki ba. Shi da Chika Okeke-Agulu suka kammala shirin babban baje kolin El Anatsui, mai fasaha ɗan Ghana, a wannan gida, yana bayar da umarni daga gadon asibiti. An buɗe shi a farkon watan Maris na 2019, shi kuma ya rasu ranar 15 ga watan, yana da shekara 55.

Malam Tanimu, daga Jos

Ina girmama abin da Malam Bashir da Hajiya suka faɗa, amma a matsayina na wanda ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi har ya yi ritaya, akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Galibin waɗannan manyan ayyuka, a Kassel da Munich da New York aka yi su. Ɗalibi a Zariya ko Maiduguri bai taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikinsu ba, sai dai ya ga hotonsu a littafi mai tsada. Taron Legas na 2002 na 'yan kwanaki ne. Ba ina rage masa daraja ba ne, amma idan Malama Hauwa'u tana neman wanda za ta yi koyi da shi, ya kamata ta san cewa akwai wata hanyar.

Akwai Ekpo Eyo, shi ma daga yankin Kalaba, wanda ya shugabanci sashen kula da kayan tarihi na tarayya daga 1968, sannan ya zama shugaban hukumar gidajen tarihi ta ƙasa daga 1979 zuwa 1986. Ya yi haƙa a Ife da Owo, kuma shi ne ya jagoranci fitar da kayan Nok da Igbo-Ukwu da Ife da Benin zuwa manyan gidajen Amurka da Turai daga 1980, a matsayin aro daga Najeriya, suka je suka dawo. Akwai kuma Bisi Silva, wadda ta kafa cibiyar fasahar zamani a unguwar Yaba ta Legas a 2007, ta tara ɗakin karatu, ta kuma kafa shirin Àsìkò mai horar da matasan masu zane da masu tsara baje koli daga ƙasashen Afirka daban-daban. Ta rasu a watan Fabrairun 2019, wata guda kafin Enwezor. Irin waɗannan sun yi fama da abin da mu muka sani: rashin wuta, rufi mai yoyo, kayan da ba a yi musu rajista yadda ya kamata ba, da jama'ar da ba ta saba shiga gidan tarihi ba sai an kawo 'yan makaranta. Gidan tarihi na nan Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, da Gidan Makama na Kano, suna buƙatar matasa masu ilimi fiye da yadda Munich take buƙatarsu.

Malam Iliyasu, daga Tamale

Baba Tanimu, maganarka tana da nauyi, amma ina ganin abin da aka yi a waje yakan dawo gida ta hanyar da ba a zata ba, kuma ga misali daga garinmu.

A 2015 Enwezor ya jagoranci baje kolin Venice na ƙasar Italiya karo na 56, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan tun da aka fara a 1895. Ya gayyaci masu fasaha 136 daga ƙasashe 53, kuma a shekarar ce aka ba El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, lambar yabo ta aikin rayuwa. Cikin waɗanda ya gayyata akwai wani matashi ɗan Tamale, Ibrahim Mahama, wanda bai kai shekara 30 ba a lokacin. Ya ɗinke tsofaffin buhunan da ake zuba koko da gawayi a kasuwanninmu, da tambarinsu da dattinsu, ya lulluɓe dogayen bangaye biyu da su, mutane suna ratsawa ta tsakiya. Daga nan sunansa ya bazu a duniya. Da kuɗin ayyukansa suka fara shigowa, sai ya dawo ya gina cibiyar fasaha ta Savannah a nan Tamale, aka buɗe ta a 2019, ya kuma ƙara da wani babban fili mai suna Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama da yara 'yan makaranta suke shiga suna karatu. Ban ce Enwezor ne ya gina su ba, Mahama ne da guminsa. Amma wanda ya ga aikin matashi ya sa shi a gaban idon duniya yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Inda na yarda da kai shi ne, shi ma taron Venice bai tsira daga suka ba. An yi ta karanta littafin Karl Marx kan jari-hujja a bainar jama'a tsawon watannin taron, a birnin da attajirai suke zuwa sayen hotuna, kuma mutane da yawa sun ga saɓani a cikin hakan. Ni ina ganin da gangan ya bar saɓanin a fili, don kowa ya gan shi.

Hauwa'u, daga Zariya

Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina. Yanzu na gane cewa ayyuka biyu ne, kuma wanda zai riƙe gida sai ya iya lissafi kamar yadda ya iya karatu. Baba Tanimu, ina da ƙarin tambaya a gare ka musamman: idan ɗaliba tana so ta koyi yadda ake yi wa kayan tarihi rajista da adana su a lokacin hutu, shin gidajen tarihi suna karɓar masu neman horo, kuma wace takarda ya kamata in nema daga sashenmu kafin in je?